Baba Tsit da Taken Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa zama da kakana Malam Iro, wanda garinmu kaf ke kira Baba Tsit, ya san hannun nan. Kana cikin yi masa magana, ko shi yana cikin yi maka, sai kawai ya ɗaga hannun dama zuwa daidai kunnensa, yatsu a dunƙule kamar yana riƙe da gula, wato sandar kiɗan ganga, ya tsaya a haka. Ba ya kallonka, ba ya kallon kowa. In kai baƙo ne, sai ka fara waige-waige ko wani ne ya yi sallama. In kai ɗan gari ne, sai ka gyara zama ka ci gaba da ɓarar gyaɗarka, don ka san da sauran jira. Sai ya ga dama yake sauke hannun, ya ɗauko maganar daga inda ya ajiye ta. In ka matsa masa kuwa, abu ɗaya zai ce maka: "A bari ta huce." Wai maganar ce za ta huce, sai ka ce kunu aka dama.

Abin dariyar shi ne, mutumin nan makaɗi ne. Gangar noma ya gada, kuma babu ƙauyen da ke arewa da Bici da bai san ƙararta ba. Mutumin da sana'arsa cika wa jama'a kunne ce, shi ake kira Tsit. Mu jikoki mun taso mun ji ana kiransa haka, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Mun ɗauka da hannun a ɗage aka haife shi.

Ni ce Rukayya, 'yar Malam Haruna na unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Na san da yawanku ba ku san wannan sunan ba, Amaryar Tsit kuka sani. Shi ya laƙaba mini tun ina rarrafe, irin wasan nan na kaka da jika, ni kuma nake ce masa Angona, ina yi masa gorin haƙoransa da goro ya rina. Saboda haka in kun ji na yi masa tsiya a nan, kada wanda ya ce na yi wa mamaci rashin ladabi. Mijina ne, kuma ya tafi ko ɗaki bai gina mini ba.

Abbana shi ne ɗan farinsa. Kun san al'adarmu ta alkunya: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jan sa a jiki, ba ya yabon sa a gaban mutane. Kowa yana yi, amma yawanci in shekaru suka ja, sai a ɗan sassauta. Baba Tsit bai san sassauci ba. Ga shi kuma sunan mahaifin shi Baba Tsit ɗin aka sa wa Abba, sai abin ya zama kulle biyu. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa fuskantar sa da magana ba. "Wancan" yake ce masa, daga baya da Abba ya samu aikin koyarwa a Kano, sai ya zama "mutumin birni". In Abba ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, sai tsohon ya amsa wa bango. In akwai saƙo, sai ya nemi wanda zai ɗora wa, in babu mutum kusa, dabba ma ta isa. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Ke akuya, in kin ga mutanen birni ki ce musu sun rame, a riƙa cin abinci." Abba yana durƙushe a gabansa, akuyar tana can tana cin harawa.

Mu dai dariya muke yi, Abba ma yana taya mu. Amma in muka kama hanyar komawa Kano, tun daga Bici har mu shiga gari ba ya cewa uffan. Tun ina ƙarama na gane abin yana ci masa rai. Mutum ne da ya yi furfura, ya koyar da ɗalibai ba iyaka, ana girmama shi a unguwa, amma abu ɗaya yake nema a duniya bai samu ba: ya ji daga wajen mahaifinsa cewa ya yarda da shi, yana alfahari da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bari in fara ba ku labarin yadda Angona ya yi suna a sulhu.

A garinmu gona manne take da gona, in ka tofar da yawu ma a ta wani zai faɗa. Ciyawar gamba ce iyaka. Wata damina ruwa ya kwantar da gambar da ke tsakanin Malam Sale da Malam Tanko, kowannensu ya ce layin dawar da ke wurin nasa ne. Dagaci ya yi tafiya, sai suka kawo ƙara gaban Baba Tsit, tunda shi ne babba a unguwa. Suka same shi da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Malam Sale ya ɗauko tarihin gonar tun daga kakansa. Malam Tanko ya ɗauko nasa tun daga kakan kakansa, da rantse-rantse har da ambaton kabari. Da suka gama, sai Baba Tsit ya ɗaga hannu, ya sa ido a ƙasa.

Shiru ya yi shiru. Inuwa ta gusa, suka ja tabarma suka bi ta, hannu yana nan a sama. Malam Sale ya yi gyaran murya, ya yi tari, ya gyara hula. Da abin ya yi masa nauyi, sai ya ce shi dai tsakaninsa da Allah, bara da yana huɗa garmarsa ta ɗan taɓa gambar, ta matsa kaɗan, amma ba da gangan ba. Malam Tanko ya ga tsoho ko motsi bai yi ba, ya ɗauka shi ma an gano shi, sai ya ce to tunda ana faɗar gaskiya, waken Malam Sale da aka ce ɓeraye sun cinye, akuyoyinsa ne. Kafin azahar sun raba layin dawar, sun yafi juna, sun tafi suna cewa irin hikimar tsohon nan sai an tona.

Kakata Inna Delu tana bayan katanga tana jin komai. Kun san ta, in ta fara magana da safe, kaji ma haƙura suke yi da nasu kukan. Ta leƙo ta ce, "Malam, wai ta yaya ka gane duk su biyun ba su da gaskiya?"

Ya ce, "Gane me? Ta wajen kunnen da ganga ta cinye suka zauna. Ni dai na ga bakinsu yana motsi."

"To me ya hana ka ce su maimaita?"

"Su maimaita? Ai da yanzu suna gaban alƙali."

Malam Tanko, in an karanta maka wannan ka yi haƙuri. Ka tona wa kanka asiri a gaban wanda bai ji ka ba.

Amma shirun da ya fi shahara da shi na kiɗa ne. Ina 'yar firamare muka zo hutun damina, wani Alhaji ya kira gayya babba, ya tara samarin ƙauyuka su yi masa huɗa. Don ya burge, sai ya ɗauko wani saurayin makaɗi daga nesa, ana ce masa Janareto, saboda in aka tashe shi ba ya tsayawa sai mai ya ƙare. Aka raba gona biyu, aka raba samari biyu, ɓangare ɗaya aka ba Janareto, ɗayan aka ba Baba Tsit. Janareto ya kama tun da safe, ba ɗagawa ba numfashi. Samarinsa suka zabura da gudu, muka ce yau an gama da tsoho. Amma kafin rana ta take, kiɗan ya zame musu kamar ƙarar injin niƙa, yana yi ba wanda yake jin sa. Wani ya miƙe yana riƙe da ƙugu, wani ya tafi shan ruwa bai dawo ba.

Shi kuwa Angona yana tafe a bayan nasa samarin, yana bugawa a hankali. Ya buga, ya buga, ya ɗauko su har jini ya ɗumama, sai ya ɗaga gula sama, tsit. Sai ka ga garemani sun tsaya a sama, kowa ya riƙe numfashi yana jira. A wannan ɗan tsakanin har kukan kurciya kake ji daga kan ɗorawa. Can sai ya sauke, dum, garemanin su faɗa ƙasa gaba ɗaya kamar hannu ɗaya ne ya riƙe su. Wallahi ni da nake gefe riƙe da kwanon fura, sai da tsigar jikina ta tashi. Suka gama nasu ɓangaren, suka shiga na Janareto suka taya.

Da yamma Janareto ya zo jiƙe da gumi, ya durƙusa, ya ce don Allah Baba ya taimaka masa da layar da yake amfani da ita. Baba Tsit ya ce masa, "Yaro, in ba ka taɓa yin shiru ba, yaushe za su yi marmarinka?" Janareto ya yi godiya ya tafi da murna. Ba a daɗe ba muka ji labarin ya gwada a wata gayyar. Yana cikin kiɗa sai ya tsaya cak. Samari suka ɗauka abinci ne ya iso, suka watsar da garemani suka nufi inuwa. Da aka gaya wa Angona, sai da ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sannan ya ce ai shirun ma sai an koya.

Daga baya da na shiga kwaleji ina karatun adabi, na zo na ba shi labari cewa malaminmu ya kwashe zango guda yana koya mana muhimmancin abin da marubuci ya bari bai faɗa ba. Ya ɗan ɗaga hannu, ya sauke, ya ce, "Zango guda yana magana a kan shiru? Allah ya ba shi lafiya."

To, a irin wannan gayyar ce Abba ya samu tabon da ya riƙe har girma, tun kafin a haife ni. Kun san kowane saurayi manomi yana da take, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda ko daga nesa ya ji ya san da shi ake. Kuma duk wanda ya riga kowa fita ƙarshen gona, makaɗi zai bi shi har can ya buga masa takensa, mata su rangaɗa guɗa. Lokacin Abba yana makarantar kwana, ya zo hutu, samarin gari suka sa shi a gaba da tsokana, wai ɗan boko mai hannun riƙe biro. Abin ya ba shi haushi, ya ari garma ya shiga gayya. Ya yi noman da bai taɓa yi ba, tafin hannunsa ya fashe, bai tsaya ba har ya riga kowa fita. Ya juyo yana haki, ga mahaifinsa a bayansa da ganga a rataye, gula a sama.

Bai buga ba. Gonar ta yi tsit, kowa ya ɗago yana kallo. Abba ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya jira, ya jira, da ya ga ba alamar hannun zai sauka, sai ya ajiye garmar ya kama hanyar gida. Bai ƙara taka gayya ba. Ya sha ba mu labarin nan a Kano yana dariya, yana cewa ɗan kowa yana da take a gangar Baba ban da shi. Mu 'ya'yansa mun san dariyar yaƙe ce.

Sai ya rama a kaina. Ni ce 'yar farinsa, kuma na rantse babu 'yar farin da sunanta ya sha wahala irin nawa. Rukayya kawo ruwa, Rukayya zo ki ji, Rukayya ba komai na kira ne kawai. A gaban baƙi yake yabo na, har in rasa inda zan sa kaina. In muka zo gida ya ƙwala mini kira a tsakar gida, sai Inna Delu ta rufe fuska da gyale, tana cewa wai shi mai sunan surukinta ba ya jin nauyi ne, birni ya lalata shi. Ita ma ɗin da bakinta ba ya hutawa, zancen ɗan farinta ne kaɗai ba ta iya yi.

Da wayar hannu ta shigo ƙauye, Abba ya saya masa 'yar ƙarama, ya ba ni na kai, don in shi ya miƙa masa, bango ne zai yi godiya. Na zauna na koya masa, madanni ɗaya ya yarda ya riƙe, wanda ke kiran Abba. Daga nan duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai wayar Abba ta yi ƙara. Ya ɗauka da sauri ya yi sallama, shiru. Ana jin kaji, ana jin daka, ana jin muryar Inna Delu can nesa tana faɗa da wani, amma mai kiran bai ce komai ba. Da farko Abba ya ɗauka matsalar sabis ce. Ya fita tsakar gida, ya fita ƙofar gida, har kan tudun yashin maƙwabcinmu ya taɓa hawa da babbar riga, yana cewa, "Baba, kana ji na?" Sai an ɗauki lokaci sannan a ji murya ta ce a ba shi amarya.

Da na karɓa kuwa, sai bakin ya buɗe. Ya tambayi karatuna, ya tambayi ko na koyi tuƙa tuwo ko har yanzu da gudaji nake yi, sannan a ƙarshe ya sako abin da ya sa ya kira. Wata rana ya ce, "Mutumin gidan nan na ji numfashinsa da nauyi. Mura yake yi? A dafa masa citta da kanumfari."

Na ce, "Angona, ga shi nan fa kusa da ni, ka gaya masa da kanka mana."

Ya ce, "Ke na aura ko shi?"

Abba kuwa murar yake yi, kuma sai da ya sha cittar. Amma bayan na yi aure na koma unguwar Bacirawa, sai abin ya daina ba da dariya. Kiran Juma'a bai fasa zuwa ba, sai dai babu amaryar da za a miƙa wa. Su biyu za su riƙe waya, wannan shiru wancan shiru, har tsohon ya kashe. Mama ta ce ranar Abba ba ya cin abincin kirki. Wata rana na je gida, ya raka ni bakin titi, sai ya ce mini, "Rukayya, tsohon nan zai tafi bai ce mini komai ba." Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar ranar ba, kuma na ji haushin Angona, haushi na gaske.

Bayan girbin bara jikin Angona ya fara ƙi. Da ƙyar aka lallaɓa shi zuwa asibiti. Likita ya tambaye shi ina ke ciwo, shi kuma ya ɗaga hannu yana nazari. Bawan Allah ya kama hannun yana dubawa, yana lanƙwasa shi, har ya fara zancen hoton kafaɗa, sai da Inna Delu ta ce masa ya rabu da hannun nan, lafiyarsa ƙalau, ƙafafu ne suka kumbura. Aka ba da magani muka dawo da shi gida, amma kowa ya ga inda aka dosa.

Ranar da muka je duba shi ni da Abba, a mota ya ce mini ni ce mai bakin yi wa tsohon magana.  Muka same shi da la'asar a kwance a ɗakinsa, gangar tana rataye a bango, fatarta ta yi ƙura. Inna Delu tana gefe ta yi jugum, abin da ban taɓa gani ba. Abba ya gaishe shi, ya zauna a bakin ƙofa inda ya saba zama. Ni kuwa na haye gefen gado.

Na ce, "Angona, ina da ƙara. Kowa a garin nan yana da take a gangarka, har Malam Tanko mai akuyoyi. Ka auri 'yar mutum, amma surukinka ko take ba ka yi masa ba. Wannan ai rashin kara ne."

Ya yi murmushi, sannan ya ce a sauko masa da gangar. Na sauko da ita na jingina a jikin gado. Gula ta fi ƙarfinsa, sai ya sa yatsu a kan fatar, ya fara kiɗan noma a hankali, irin wanda yake ɗauko samari da shi. Ƙarar ba ta wuce ɗakin ba, amma kiɗan nan ne, ba inda ya canza. Ya buga, ya buga, sai ya ɗaga hannu. Muka jira saukarsa. Ana jin tattabaru a kan rumbu, ana jin numfashinsa. Bai sauke ba.

Ya ce, "Kin ji shi?"

Na ce, "Ni ban ji komai ba."

Ya ce, "To shi ne."

Ni yake kallo, amma ba da ni yake ba. Ya ce, "Ki gaya wa mutumin birni. Ranar gayyar nan ina biye da shi, ina ganin jini a ƙotar garmar. Da ya fita gaba na ɗaga gula zan buga, sai wani abu ya tokare ni a ƙirji, hannun ya ƙi sauka. Daga baya na ga gara da aka yi haka. Da na buga, da sai a ce makaɗi yana yabon ɗansa, kowa ya ci gaba da nomansa. Da na yi shiru, babu wanda bai ɗago ya kalle shi ba. Taken kowa wani makaɗin zai iya bugawa. Nasa ni kaɗai nake yi. Tun daga ranar ban ƙara yin kiɗa ban ajiye masa wurinsa ba."

Inna Delu tana kallon ƙasa ta ce, kafin wannan ranar ai ba Tsit ake ce masa ba. Ta ce ya fi Janareto rashin tsayawa, a kiɗa da a surutu duka, daga gonar nan ya dawo da hannu a sama. Ta daɗe da sani, amma ina ita ina zancen ɗan fari.

Na tuna samarin nan da garemani a sama, na tuna gindin darbejiya, na tuna kiran Juma'a. Na yi ƙoƙarin tuno sau nawa na ga hannun nan a ɗage, na kasa. Na waiga wajen Abba, hawaye yana bin gemunsa. Mutumin da magana ce aikinsa, ya buɗe baki zai ce wani abu, ya ce "Baba", sai ya kasa ƙarasawa. Tsohon ya ce, "A bari ta huce."

Ni da ba na iya barin abu ya tafi lafiya, na share ido na ce to tunda an zo nan, ya daure ya faɗi sunan ko sau ɗaya ne. Ya harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Sunan ubana zan kama a gaban matana?" Muka kwashe da dariya muna kuka, har Inna Delu. Sannan ya juya ga bango, abokin hirarsa na tsawon shekaru, ya ce a gaya wa wancan ya taso daga bakin ƙofa, yana tare masa iska. Abba ya rasa inda zai koma a ɗan ƙaramin ɗakin, sai ya matso ya durƙusa a gaban gado. Hannun yana nan a sama tun ɗazu. A hankali ya sauko, ba a kan ganga ba, a kan Abba ya sauka, kuma bai ɗauke ba har aka kira magariba.

Bai kai wata Juma'ar ba. Sunan kuma bai faɗa ba, ya tafi da taurin kansa cif, kamar yadda kuka san shi.

Juma'ar da ta biyo bayan addu'ar bakwai, ina gidana a Bacirawa ina kwashe shanya, sai wayata ta yi ƙara daidai saukowa daga masallaci. Abba ne. Na ɗauka ina jiran ya ƙwala mini Rukayyar nan tasa da ke fasa kunne, sai na ji shiru. Ina jin fanka tana juyawa, ina jin Mama tana motsi da kwanuka a can ciki, ina jin numfashinsa. Ban ce yana ji na ba, ban fita neman sabis ba. Na zauna a bakin rijiya da kayan shanya a cinyata, na riƙe wayar a kunne har ya kashe.

Allah ya jiƙan Angona, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa shirun da yake ciki yanzu na hutu ne da rahama. Allah ya ba Inna Delu haƙuri, ya dawo mata da surutunta, don gidan ya yi mana faɗi. Allah ya haɗa shi da ɗan farinsa a Aljanna, inda za su zauna kusa da juna ba a bakin ƙofa ba. In kuma har a can alkunyar ba ta sake shi ba, ya Allah ka sa ina kusa, in riƙa kai musu saƙo. Amin.